Karnukan Mai Gidan Tudu

Akwai wani manomi mai suna Tanimu, gonarsa tana tsakanin manyan gidaje biyu masu gaba da juna. Wata rana mai gidan tudu, wani attajiri mai daɗin baki, ya sauko da 'yan kwikwiyo cikin kwando.

Ya ce, "Ɗan'uwana, ajiye mini waɗannan a gonarka. Za su tsare ka daga wancan mugun maƙwabci."

Tanimu ya ce, "Ranka ya daɗe, me ya hana ka kiwata su a gidanka?"

Ya ce, "Ai ina da yara ƙanana."

Tanimu ma yana da yara, amma ya ji nauyin babban mutum, ya karɓa.

Attajirin ya riƙa aiko musu da ɗanyen nama, kaɗan kaɗan don kada su ƙoshi. Da suka girma ya shuna su, suka tarwatsa garken abokin gabansa har mutumin ya yi ƙaura. Aka yi shagali a tudu. Daga ranar nan nama bai ƙara saukowa ba.

Yunwa ta kama karnukan. Suka cinye awakin Tanimu, matarsa ta daina zuwa rafi don tsoro. Ya hau tudu da kuka, aka ce maigida yana hutawa. Sai ranar da suka haura katanga suka ciji ɗan attajirin, sannan fa aka gano mugaye ne.

Attajirin ya sauko da barorinsa da wuta don ya ƙone karnukan a gonar, dawa kuwa ta nuna, saura girbi. Tanimu ya durƙusa ya ce, "Abincinmu na shekara ke nan!"

Attajirin ya ce, "Wa ya aike ka tara mugayen dabbobi a gonarka?"

Suka cinna wuta. Karnuka suna da ƙafa, suka tsere daji. Dawa ba ta da ita.

Tanimu yana zaune cikin toka, sai ga attajirin da wani kwando. Ya ce, "Waɗannan za su kama mana waɗancan." Tanimu ya jiyo haushin karnuka yana tashi daga daji, ya dubi yaransa. Ya miƙa hannu ya karɓa.

Ma'anar wannan misali ita ce: mai gidan tudu shi ne manyan ƙasashen Yamma. Karnukan su ne waɗanda ƙasashen nan suke ba bindiga yau don biyan bukatarsu, gobe su kira su abokan gaba su zo yaƙarsu. Gonar kuwa ƙasarmu ce. 'Yan'uwa, ina so in ce muku ku ƙi karɓar kwandon, amma zuciyata ta karaya, gama na san tsoro yakan sa mutum ya miƙa hannu yana sane. Ubangiji ya ji tausayinmu, domin ba a taɓa cinna wutar nan a kan tudu ba.