Ɗanyar Gwandar Mastar Mofiz

Akwai wani tsohon malamin makaranta a Mongla, wani gari na bakin ruwa, ana kiransa Mastar Mofiz. Shekara talatin da biyu ya yi yana gyara kuskuren yara da jan biro, ya yi ritaya bai ajiye biron ba.

A tsakiyar zafi, lokacin mangwaro, ya gayyaci tsofaffin abokan aikinsa cin tsiren jatan lande a saman benensa. Da sassafe ya sayo manya-manya wajen Shefali, matar da ke da gurbi a bakin kasuwar kifi.

Shi gwanin tsiren naman shanu ne duk Babbar Sallah. Ya kwaɓa barkono da tafarnuwa da citta, ya ƙara abin da yake ƙarawa kullum.

Matarsa ta leƙo ta ce, "Baban Mitu, wannan fa ba nama ba ne."

"Ke ji da shinkafarki," in ji shi.

Da la'asar ya jera tsinke a kan gawayi, gumi na zuba. Yana juyawa sai jatan landen ya riƙa zubewa cikin wuta kamar kunu. Baƙi suka ci shinkafa da wake suka watse, wani yana cewa, "Mastar, yau kai ma ka faɗi jarrabawa."

Washegari ya tsaya gaban Shefali ya ɗaga murya: "Ruɓaɓɓe kike sayarwa!" Ya kai wa shugaban kasuwa takardar ƙara shafi uku. Aka tashe ta daga gurbinta sai an bincika.

Kwana huɗu tana zaune a gida, da 'ya'ya uku.

Ranar zaman bincike, ta zo a gajiye, ba ta ko yi musu ba. Ta kira shi da laƙabin girmamawa ta ce, "Mastar Saheb, me da me ka sa masa?"

Ya zaro takarda, don komai a rubuce yake yinsa. Ya karanta har ya kai: "Niƙaƙƙiyar ɗanyar gwanda, cokali huɗu, tun hantsi."

Matan kifi suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Kawu, jatan landen naka ƙaho gare shi?"

Shefali ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Gwanda jijiyar naman shanu take narkarwa. Wannan wace jijiya gare shi? Ko wanda aka kamo yanzu ka sa masa ita, ruwa zai zama."

Mastar ya matso ya ce a hankali, "Ki yi haƙuri, 'yata."

"A hankali?" in ji ta. "Ranar da ka ce ruɓaɓɓe, har masu jirgin ruwa sun ji."

An mayar mata da gurbinta, amma masu saye suna ratse ta. Da Mastar ya ga haka, ya zo da sassafe ya tsaya gefen kwandonta cikin rana, kwafin takardar ƙararsa a hannu, ya soke kowane layi da jan biro. Duk wanda ya wuce sai ya ɗaga masa ita: "Kuskurena ne, kayanta lafiyayye ne."

A kwana na uku, da masu saye suka fara dawowa, Shefali ta tura masa kujera da ƙafa. "Zauna, Mastar Saheb. Kana tare wa masu saye hanya."

Darasi: Wanda ka ɓata wa suna a bainar jama'a, ba ka biya shi da raɗa ba. Ka koma inda ka yi ɓarnar, ka gyara da irin muryar da ka yi ta. Ku tura wa wasu, musamman masu saurin kai ƙara.