Ta'aziyyar Aku

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Aku dai a gidan malamin makaranta ya tashi, ya kwashi Turanci har ya fi mai gidan. Ran nan shaho ya ɗauke amininsa, ɗan Kurciya. Aku ya tafi gaisuwa gabansa na faɗuwa. Yana sauka ya soma zuba Turanci, irin dogayen kalmomin nan da ko Bature sai ya nemi ruwa.

Gizo ya ce, "Malam, gaisuwa ka zo ko wa'azi?"

Kurciya ta ce, "Ƙyale shi. Ɗan nan, ban ji ko ɗaya ba. Babu gajeru ne a Turancin naku?"

Aku ya sunkuyar da kai. "Akwai, Inna. Dogayen ba sa taɓa ni. In na faɗi gajeren, kuka zan yi."

"To da me ka zo yi?"

Aku ya ce, "Sannu, Inna." Iyakarta ke nan, sai hawaye. Kurciya ta ja shi ƙarƙashin fiffikenta, inda ɗanta yake kwana, suka yi kukansu tare.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ta ƙare.