Motar Kaji Ta Biyat

Hajar, kin tambaye ni wai Hausar wane gari ce ta daidai. Ni karatuna bai yi nisa ba. 'Yata ma ta ce Jamusawa da maƙwabtansu haka suke, kalma ɗaya kowa da abin da yake nufi da ita. Amma bari in ba ku labari.

Akwai wani Bakano, Zainulabideen, shi ke kula da lodi a wani sito na kajin firinji a unguwar Sulay, nan Riyad. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya barin kowa ya ƙarasa magana bai gyara masa Hausa ba.

Cikin masu lodin akwai Laouali, dattijo ɗan Maraɗi.

Wata rana da azahar, ana zafin nan na Riyad, Laouali ya zo da sauri.

"Malam Zainu, mota ta biyat..."

"Biyar! Baba, shekara nawa zan yi ina koya maka? Ce biyar."

Aka yi dariya. Zainu ya ɗau waya ya wuce ofis.

Ashe na'urar sanyin motar ce ta mutu, ga kaji maƙil. In suka lalace, aikin Zainu ya tafi, kuma saura wata guda a sabunta masa iƙama, takardar zama a ƙasar.

Laouali bai yi fushi ba. Ya kira mutanensa, na Damagaram da na Sakkwato da na Kano, suka yi layi suna miƙa kwali hannu da hannu har ɗakin sanyi.

Zainu ya fito ya tarar da mota wayam, manaja na tsaye yana taɓa kwalayen.

"Wa ya lura?" in ji manaja.

"Mutanen Zainu ne," in ji Laouali.

Da aka watse Zainu ya riƙe hannunsa. "Baba, me ya hana ka faɗa min?"

"Na hwara, ɗana. Ka tsaya gyaran baki, su ko kaji ba su jira."

Yanzu tare suke zuwa cin tuwo wurina a unguwar Gubaira. In na ce malmala nawa, Zainu ke amsawa: "Biyat, Hajiya!"

Darasi: Ka bar mutum ya ƙarasa maganarsa kafin ka auna bakinsa, wataƙila cetonka ya kawo. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su gani.

Ku yi haƙuri, ga masu tuwo sun iso, bari in sallame su.