Bugu Biyu a Jikin Katako

An yi wani mutum, tela ne, a wani layin shaguna irin wanda duk kun sani: kwata a gaba, rumfar kwano a sama, kowa yana jin tarin maƙwabcinsa. Ba zan kama sunansa ba, don ban hau nan in tona asirin kowa ba. A layin dai Almakashi ake ce masa, kuma bakinsa ne ya jawo masa sunan. In ya kama maganarka sai ya yi mata gunduwa-gunduwa kafin ka haɗiye yawu.

Katako ɗaya ne ya raba shagonsa da na wani mai gyaran agogo. Mai Agogo siririn mutum ne mai sanyin murya, kullum da ɗan gilashin nan maƙale a ido ɗaya. Shekara ashirin da shida suna maƙwabtaka, kuma ba a taɓa jin ranar da bakinsu ya zo ɗaya ba. In Almakashi yana wannan jam'iyya, Mai Agogo yana waccan. Wannan yana ɗora hannu a ƙirji in zai yi sallah, wancan yana saki. Malamin da wannan ke saurare a rediyo, wancan ya ce karatunsa da saura. Ko ruwan sama aka yi, ɗaya zai ce an sha ruwa, ɗaya ya ce ai yayyafi ne.

Amma ya 'yan uwa, ku ji yadda ake gardama a da.

Sai a kama musu tun hantsi, jijiyar wuya ta tashi, har mai wucewa ya tsaya yana zaton za a ba hammata iska. Ladan na buɗe baki, magana ta mutu a inda take. Buta ɗaya gare su. Sun yi doka cewa wanda aka kayar a ranar shi zai ɗebo ruwan alwala, kuma da yake babu mai yarda an kayar da shi, sai su tafi famfo su biyu, kowa yana cewa rakiya ya yi. Su dawo su tsaya sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Allah sarki, zamani. A lokacin mutum zai ce maka ra'ayinka shirme ne, amma ba zai ce kai banza ne ba. Akwai iyakar da babu wanda ya rubuta, kowa kuma ya san ta: ba a taɓa iyaye, ba a taɓa iyali, ba a fitar da mutum daga addininsa, ba a ɗauko abin da aka gaya maka a ɗaki a shanya shi a bakin titi. Ni na ga wannan zamanin da idona, kuma wallahi ina kewarsa.

To, akwai abin da mutanen layin ba su sani ba. Idon Almakashi ya fara tafiya. Yanar ido ce ta kama shi. Ya sayi tabarau, bai yi masa komai ba. Aka ce sai an yi aiki, ya ji tsoron wuƙar likita. Hannunsa bai manta ɗinki ba, yatsunsa sun san hanyar yadi kamar yadda ƙafarka ta san hanyar gidanku. Amma kafar allura ta ɓace masa, lambobin tef ɗin awo suka dagule, baƙin zare da shuɗi suka zama abu ɗaya. Wa zai kai yadinsa wurin telan da ba ya gani? Keken ɗinkin nan kuwa shi ne cinsa, shi ne shansa, shi ne makarantar 'ya'yansa.

Mai Agogo kaɗai ya gaya wa, kansa a sunkuye. Mai Agogo ya ce, "Haba maƙwabci, wannan ne abin kuka? Ni ido gare ni har da na aro. In zare ya tsinke, ka bugi katakon nan sau biyu."

Da ya ga kunya ta hana telan ɗaga kai, sai shi ma ya buɗe masa nasa cikin. Ya ce tun kafin ya yi aure, a wani gari can, ya yi shekara bakwai yana shan giya, har ana ɗauko shi daga kwata. Allah ya shirye shi, ya tuba, ya bar garin. Matarsa ba ta sani ba, 'ya'yansa ba su sani ba. Ya ce, "Ga nawa nan na ba ka, don kada ka riƙa ganin na fi ka."

Tun daga ranar, kafin kowa ya buɗe shago, Mai Agogo zai shigo ya zura zare a alluran hannu na maɓalli da kalmasa, ya jera su a ɗan matashin allura: fari a hagu, baƙi a tsakiya, shuɗi a dama. In zaren keke ya tsinke da rana, sai telan ya ɗauki almakashi ya bugi katako, ƙwas, ƙwas. Sai ka ga Mai Agogo ya leƙo yana cewa, "To, ɗan adawa, ina muka tsaya?" Ya jingina da keken, baki yana musu, yatsu suna zura zare. In ana awon mutum kuwa, sai ya tsaya a gefe yana tsokana: "Kai, Alhaji, wannan tumbi! Arba'in da huɗu cif. Ka ji tsoron Allah ka rage loma." Kowa ya yi dariya, telan ya riƙe lambar a kansa. Shekara shida suna haka. Mutanen layi suna cewa waɗannan tsofaffi ba sa gajiya da gardama, ba su san rufin asiri ake yi a gabansu ba.

Sai zamani ya juya. Waya ta shigo hannun kowa. Zaɓe ya gabato, mutane suka fara taruwa a ƙofar shagon Almakashi bayan la'asar don su ji bakinsa. Wani ya ɗauki muryarsa ya tura, gobe aka dawo masa da labarin cewa har a wasu garuruwa ana saurarensa. In ya yi magana sai a ce, "Almakashi ya yanka!" a tafa. Ya 'yan uwa, tafi yana bugarwa. Mutumin da a da yake musu don ya ji abin da maƙwabcinsa zai ce, yanzu yana musu yana satar sauraren inda tafi zai fito. Ladan ya kira sallah, sai ya ce bari ya ƙarasa wannan maganar. Mai Agogo ya koma zuwa famfo shi kaɗai.

Saura mako biyu zaɓe, ƙofar shago ta cika, wayoyi a sama. Zaren keke ya tsinke. Ƙwas, ƙwas. Mai Agogo ya shigo kamar kullum. Aka fara da ɗan takara, aka gangara kan addini, Almakashi yana cewa duk mai imani ba zai zaɓi wancan mutumin ba. Mai Agogo ya sunkuya kan keken, ya lashi bakin zaren, ya ce cikin murmushi, "Maƙwabci, ba wannan mutumin ba ne ka liƙa hotonsa a ƙofar nan wancan zaɓen? Ai har yanzu ga shatin gam ɗin can."

Wurin ya kwashe da dariya. Dariya ce kawai, irin wadda suka yi wa juna sau dubu. Amma wannan karon akwai wayoyi, kuma Almakashi ya ji ta kamar an watsa masa ruwan zafi.

Ya ce, "Kai ne za ka kama ni da magana? Kai da ka shekara bakwai ana ɗauko ka daga kwata a buge? Ku tambaye shi mana, ga shi nan. Tsohon mashayi zai koya mini addini! Irinku ko sallarku ban yarda da ita ba."

A cikin taron akwai babban ɗan Mai Agogo, magidanci da 'ya'yansa, ya biyo ne ya gaida mahaifinsa.

Yanzu ku duba nan, ya 'yan uwa. Zaren yana tsakanin yatsun Mai Agogo. Abin da zai yi kawai shi ne ya miƙa wa telan ya ce, zura wannan mu gani. Kalma huɗu, ya gama da shi a gaban kowa. Almakashi ma ya san haka, ya zauna yana jiran saukar ta. Mai Agogo ya dubi zaren, ya dubi maƙwabcinsa. Ya zura shi a allura, ya ja shi ta baya yadda ya saba.

Ya ce, "Zarenka ya shiga, maƙwabci." Ya fita.

Magana zarar bunu ce. Kafin gari ya waye ta zaga wayoyi. A ɗan masallacin layi, inda Mai Agogo kan ja sallah in liman ba ya nan, ya matsa gaba wata rana sai wani ya riƙe masa gefen riga. Ɗansa ya daina biyowa ta layin saboda kunya. Wata bai cika ba ya kwashe teburinsa da 'yan kwalayen agogonsa ya koma ƙofar gidansa. Aka ba wani mai sayar da katin waya shagon.

Ranar farko da zare ya tsinke bayan tashin Mai Agogo, hannun Almakashi bai yi shawara da shi ba, ya ɗauki almakashi ya bugi katako. Mai kati ya leƙo ya ce, "Lafiya, Baba?" Ya ce lafiya lau. Ya yi awa guda yana neman kafar allura, gumi yana ɗiga a kan yadin mutane.

Masu tafi fa? Aka yi zaɓe aka gama, aka ga hoton 'yan takarar biyu a jarida sun rungume juna suna dariya. Ƙofar shago ta koma wayam. Babu ko ɗaya cikin masu cewa ya yanka da ya taɓa tambayarsa ko ya karya kumallo.

Aiki ya fara lalacewa. Ya ɗinka shuɗin yadi da baƙin zare. Ya yanke wandon wani malamin makaranta ya tsaya masa a ƙwauri. Ranar da ya liƙa aljihun rigar wani ango a karkace, mutumin ya ɗaga ta a tsakiyar layi ya ce, "Baba, wai ko ba ka gani ne?" Asirin da maƙwabcinsa ya rufe shekara shida, hannunsa ne ya tona shi.

Matarsa ta ce, "Malam, ka je ka ba bawan Allahn nan haƙuri. Ƙafa ce kawai za ka taka."

Ya ce gobe. Ya san hanyar gidan, tafiyar minti goma ce. Sau biyu yana zuwa bakin lungun ya juyo. Da wane ido zai dubi matar? Me zai ce wa ɗan? Ya fi son ya yi asarar komai da ya tsaya a gaban mutum ya ce na yi kuskure. Ya kuwa yi asarar. Shekara biyu, gobe ba ta zo ba. Masu ɗinki suka watse, ya sayar da keken, ya mayar da makullin shago, idon ya ƙarasa rufewa.

Wata safiya aka aiko cewa Mai Agogo ya rasu. A ranar ce ƙafar ta taku, matarsa tana riƙe da hannunsa. Ya zauna a gefen tabarma yana jiran a kore shi. Babu wanda ya kore shi. Can sai babban ɗan nan ya zo ya ɗora masa wani gwangwani a cinya. Matar mamacin ta yi magana daga bayan labule.

Ta ce, "Malam Tela, saƙonka ne. Tun da ya baro layi yake ajiye da shi. Kullum da safe sai ya buɗe ya duba, in zare ya yi datti ya sauya sabo. Na ce wai wa kake yi wa wannan wahala? Ya ce maƙwabcinsa zai zo karɓa. Dalilin dai har ya koma ga Allah bai gaya mana ba."

Ya buɗe ya sa hannu. Ɗan matashin allura ne, ɗinkin wanda bai iya ɗinki ba, duk a karkace. Ya bi alluran da yatsa, kowace da zarenta, jeri uku. Ba ya ganinsu, amma ya san fari ne a hagu, baƙi a tsakiya, shuɗi a dama. Dattijo da furfurarsa ya rushe da kuka a tsakiyar masu gaisuwa. Yana nan har yau a ƙofar gidansa da gwangwanin a gefe, ba keke, ba ido, ba maƙwabcin da zai roƙa gafara.

Ya 'yan uwa, me ya ci mutumin nan? Bai yi sata ba, bai kashe kowa ba. Gardama ɗaya ya so ya ci, ya kuwa ci ta, ta cinye shi. Ya goranta wa bawan Allah zunubin da ya tuba daga gare shi, ya ci amanar da aka ba shi don a rage masa kunya, ya yanke hukunci a kan sallar da ba shi ake yi wa ba. Baki shi ke yanka wuya.

Ban ce ku daina musu ba. Waɗannan mutane sun yi shekara ashirin da shida suna yi, bai hana su buta ɗaya ba. Ka riƙe ra'ayinka, ka kare shi da hujja, ka ɗaga murya ma in ta kama. Amma ka bar wa abokin gardamarka mutuncinsa, ka bar ƙofar da za ku gaisa gobe. Ɗan takarar da kake zagin ɗan uwanka a kansa bai san sunanka ba. Masu tura maganarka a waya ba za su zo ba ranar da zarenka ya tsinke. Kuma in ka riga ka ɓata wa wani, yau za ka je, kada ka ce gobe. A cikinmu nan wa ya san mutum nawa ne ke rufa masa asiri bai sani ba?

Allah ya kiyaye mu da sharrin harsunanmu. Allah ya rufa mana asiri, ya sa mu rufa wa 'yan uwanmu. Allah ya ba mu ikon neman gafarar wanda muka zalunta tun yana da kunnen da zai ji mu. Amin.