Ranar da Aka Kife Daro

Akwai wata mai bandar kifi a bakin wani tafki. Ita ta raini ƙanwarta Auta tun rasuwar mahaifiyarsu. Auta ta yi karatu, aka ɗauke ta aikin auna idon koma, don kada masunta su kwashe 'ya'yan kifi. Tare suke sauka gaɓa kullum, Auta na tsokanarta: "Yaya, ko wanka kika yi da turare, ƙaurin hayaƙi ne zai fara sallama."

Wata safiya Auta ta shiga rumfar Mai Jirage, wanda rabin kwale-kwalen wurin nasa ne, don ta duba komarsa. Ya turo ƙofa ya damƙe ta. Da kyar ta ƙwaci kanta, riga a yage, leɓe a fashe.

"Yaya, raka ni mu kai ƙara."

"Rufa mana asiri, Auta. In ya hana ni kifi, me zan ɗora a wuta?"

Jama'a, maganar nan ce ta raba su. Auta ta ajiye aiki, ta tattara kayanta ta tafi.

Shekara biyu cur! Yayar ta yi ta kira, ba a ɗauka. Wani sa'in sai ta zuba abinci kwano biyu kafin ta tuna. Kewa ta cinye ta, duk ta rame.

Ana nan aka turo sabuwar ma'aikaciya. Yayar ta hango ta ta nufi rumfar, gogan naka na biye da ita.

"Ke 'yar nan, tsaya!" in ji yayar.

Ta kife daronta a ƙasa, alamar ba za ta sayi kifinsa ba. Sannan a gaban kowa ta faɗi abin da ya yi wa Auta. Wata mai banda ma ta kife nata, wata ta bi. Ashe kowacce da nata tabon. Kifi kuwa ba ya jira, kafin azahar ya soma wari. Masuntansa da kansu suka miƙa shi ga hukuma.

Bayan kwana uku wayar yayar ta yi ƙara.

"Auta! Don Allah ki dawo gida."

"Na ji abin da kika yi, Yaya. Na yafe miki. Amma dawowa kam, ba yanzu ba."

Ta ce to. Ta zauna tana kuka har kifin da ke kan wuta ya ƙone.

Darasi: Idan wadda aka ci wa zarafi ta zo maka da kuka, tsaya mata a ranar, kada neman abinci ya rufe maka baki. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wata na can tana jiran mai raka ta.