Hanyar da ke Cikin Gonar Gyaɗa

To jikokina, a daina mutsu-mutsu, a ba ni kunne. Akwai wani manomi a wani ƙauye da ke hayin kogi. Yana da gonar gyaɗa a kan tudu. A cikin gonar kuwa akwai wata siririyar hanya mai bi ta kan duwatsu har bakin titi, ko kogi ya cika ba ta yankewa. Amma ya toshe bakinta da ƙaya, don kada a tattake masa shuka.

Ran nan da rani sai ga waɗansu mata biyu, kowacce da waya a hannu. Aikin sa kai suke yi, suna zana taswirar ƙauyuka. Wayar tana ji daga tauraron ɗan adam, duk inda suka taka sai ta ja layi. Ta cikin busasshen kogi suka shigo gari, wayar kuwa ta rubuta cewa nan ce hanya.

Manomin ya leƙa ya ce, “'Ya'yana, wannan layin naku, da damina kifi ne ke binsa.”

Babbarsu, Damaris, ta yi dariya ta ce, “To Baba, nuna mana ta mutane.”

“In na nuna, wa zai gani?”

“Kowa da kowa. Nas, direba, har wanda ba kwa gaisawa.”

Sai ya ce shi bai san wata hanya ba.

Da ya koma gida ya ba matarsa labari, sai ta nuna masa 'yarsu mai juna biyu, ta ce, “Tsakiyar damina za ta sauka. Nas ɗin da aka kawo mana baƙuwa ce, abin da waya ta nuna mata take bi. Maigida, riƙe gyaɗarka. In nas ta tsaya a bakin ruwa, sai gyaɗar ta karɓi haihuwa.”

Bai ko taɓa tuwonsa ba. Ya ɗauki adda ya janye ƙayar, ya kira matan nan. Yana gaba suna biye, layi yana tsawo, har titi.

Damina ta yi, kogi ya cika maƙil. Wata safiya naƙuda ta kama yarinyar, ta zo da gardama. Aka buga waya. Kafin hantsi sai ga nas a kan babur, ta ratso ta tsakiyar gyaɗa, ta murƙushe kunyar shuka uku. Da azahar aka ji kukan jaririya, mata suka rangaɗa guɗa. Tsohon nan kuwa ya yi ta rawa, har hularsa ta faɗi.

Ma'anar misalin nan, ku riƙe ta da kyau. Hanyar nan ita ce abin alherin da Ubangiji ya sanar da kai: karatu ne, sana'a ce, ko Maganarsa. Ƙayar kuwa rowa ce, kada mu sake mata suna. Ke da kika iya lissafi kina rufe littafi da hannu don kada ƙawarki ta gani, da ke nake. Ba zan ruɗe ku ba, in kun buɗe hanya za a taka muku shuka, wani ko sannu ba zai ce ba. Ku buɗe duk da haka. Ranar da taimako zai nemi ƙofar gidanku, ta nan zai shigo.