Habila da Zaɓen Irin Dawa

An yi wani mutum a wani ƙauye, tun zamanin da ake sujada a majami'ar ciyawa, sunansa Habila. Manomi ne, yana noman gandu tare da mahaifinsa, tsoho Barau, da ƙanensa Filibus. Ba mai wa'azi ba ne, ba dattijon ikilisiya ba ne. Ko waƙa ba ya iya ja.

A ƙauyen nan, idan kaka ta yi, maigida ne kaɗai ke zaɓen iri. Zai zauna a bakin rumbu, a kwance damin dawa a gabansa, ya ware zangarniyoyi masu kyau, a rataye su saman murhu hayaki ya tsare su har damina. Wanda ya zaɓi iri shi ne uban gida. Ran da aka karɓe wannan aiki daga hannun tsoho, kowa ya san an ajiye shi.

To, ku saurara. Ciwon yanar ido ya fara rufe idon Barau, amma ya ƙi faɗa. A kakar nan ya zauna ya zaɓa kamar kullum. Da Habila ya duba, sai ya ga rabin abin da tsohon ya ware duk burtuntuna ce, cutar nan da ke mai da ƙwaya baƙin gari. Idan aka shuka wannan iri, gidan zai kwana da yunwa baɗi.

Filibus ya ce abin mai sauƙi ne, a bari tsoho ya shiga ɗaki a musanya, ai ba zai gani ba. Matar Habila, Damaris, ta ce gara a fito fili a ce masa ya huta haka nan. Habila ya ƙi duka biyun. Ya ce ba zai mai da ubansa abin wasa a gidansa ba, ba kuma zai tsige shi a gaban jikokinsa ba.

Ya bari sai da tsakar gida ta yi shiru, ya je ya durƙusa, ya ce, "Baba, akwai burtuntuna a cikin irin nan. Hannunku ya san nauyin zangarniya fiye da nawa, amma launi ya fara ɓace muku. Ku ara idona."

Tsohon ya fusata. Ya ce wato yanzu ɗan da ya koya wa riƙon fartanya ne zai koya masa dawa. Ya juya baya, ranar ko tuwo bai ci ba. Habila bai janye maganarsa ba, bai kuma ƙara ko kalma ɗaya ba. Ya ci gaba da gaishe shi, yana kai masa ruwan wanka.

Wata safiya Barau ya kira shi, ya ce, "Kawo damin. Kira yaran nan su ma, kada su tashi jahilai kamar ubansu."

Suka zauna. Tsoho ya auna da hannu, Habila ya duba da ido, yara suna tambaya, kakansu yana amsawa yana zolayarsu. Irin da aka shuka a shekarar, Barau ne ya zaɓe shi, kuma mai kyau ne. Haka suka yi har Ubangiji ya kira shi, yana uban gidansa.

'Yan'uwa, girmama uba shi ne ka faɗa masa gaskiya ba tare da ka ƙwace masa kujerarsa ba. Mu fa? Ranar iyaye maza mu ɗinka musu riga, mu ɗauki hoto, sannan shekara guda ba mu nemi shawararsu ko sau ɗaya ba. Muna yanke magana a bayansu, muna cewa don kada a dame su. Ƙarya ce, kuma 'ya'yanmu suna kallo. Ba za ka yi rainon ɗa mai hikima a gidan da ake ruɗin kakansa ba. In mahaifinka yana da rai, yau bayan sujada ka je wurinsa da maganar da kake ɓoye masa, ka tafi da 'ya'yanka, ka zauna ƙasa.